Noti ya karye a injin rota da aka ɗora wa ƙaramin jirgin sama: ina matsalar take?

Sagir_Tulsa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce da ni ga injiniyoyi da makanikai, a yi haƙuri da tsawonta. A nan Amurka akwai wani dattijo maƙwabcina da ya haɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu da hannunsa, a garejin gidansa. Doka ta yarda da haka a nan, muddin kai ka yi fiye da rabin aikin, sai FAA, hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar, ta yi masa rajista a matsayin jirgin gwaji. Maimakon injin jirgi irin su Lycoming, sai ya ɗora masa injin motar RX-7, wanda ake kira 13B, mai rota (wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a cikin injin) maimakon fistin. Nakan taya shi aiki ranar Asabar.

Muna duba jirgin kafin a tashi, sai na hango wani busasshen abu kore-kore a gefen kan ɗaya daga cikin dogayen notunan da suka ɗaure injin. Na zura yatsa na taɓa, sai kan notin ya juya. Muka zaro shi, ashe ya karye daidai inda zare ya fara, guntun ya maƙale can ciki. Baban ya ce a sayo sabo a ɗaura a ci gaba da harka. Ni hankalina bai kwanta ba, domin ya ce bara ma wani ya karye masa a wannan ɓangaren. Me ke karya su?

Baban_Ilham:
Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna. Injin MOTA a jirgin sama? Kuma kai ma kana shiga ciki? Sagir ka ji tsoron Allah, kana da iyali.

Oga_Tanimu_Gareji:
Malam Sagir, ban taɓa taɓa jirgi ba, amma na tsufa a ƙarƙashin mota. A wurinmu noti in ya karye, ɗayan biyu ne. Ko jabu ne, an buga masa lambar ƙarfi 10.9 a ka alhali ƙarfen banza ne, ko kuma wani yaro ya zura bututu a sifana ya hau kai da ƙarfinsa duka. Ka tambayi baban nan inda ya sayi notunan, da kuma abin da ya ɗaure su da shi.

Injiniya_Rabi:
Kafin komai, Malam Sagir, don Allah kada a yar da notin nan, kada a goge bakin karayar da burushin waya ko sanfefa, kuma kada ku yi ta haɗa guntayen biyu don ku ga ko sun dace. Kowa hakan yake fara yi, kuma shi ke shafe shaidar. Ka nannaɗe shi a takarda mai tsabta. Ka ɗauki hoton bakin da hasken fitila daga gefe, ba daga sama ba, sannan ka gaya mana:

Wurin ya tsuke ya sirance kafin ya tsinke, ko kaurinsa na nan yadda yake? Fuskar iri ɗaya ce duka, ko akwai sashe mai santsi da sashe mai kaushi? Akwai tsatsa ko 'yan ramuka a jikin notin?

Idan an matse shi fiye da kima ne kamar yadda Oga Tanimu ya ce, za ka ga ya miƙe ya sirance, bakin ya yi kaca-kaca. Idan gajiyar ƙarfe ce, labarin daban ne.

Dan_Maradi:
Ni tambayata, wannan injin shi ne irin na jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda silindoji ke juyawa tare da farfela?

Malam_Habu_Zariya:
A'a Ɗan Maraɗi, waɗancan na Gnome da Le Rhône fistin ne da su. Wannan ƙirar Felix Wankel ce, Bajamushe, wanda ya yi aiki da kamfanin NSU, injin ya fara tashi a 1957. Mazda ta karɓi lasisi ta fito da Cosmo Sport a 1967, daga baya RX-7 daga 1978 zuwa 2002, sai RX-8. Har gasar tseren motoci ta Le Mans suka ci da injin rota huɗu a 1991.

Bari in bayyana yadda aka gina shi, don sai an san wannan za a gane dalilin da ya sa notin nan ba ƙaramin abu ba ne. Injin fistin yana da bulok guda ɗaya da aka zuba. Wannan ba shi da shi. Faranti biyar ne aka jera: na baƙin ƙarfe a gaba, gidan rota na alminiyam, baƙin ƙarfe a tsakiya, wani gidan rotan, sai baƙin ƙarfe a baya. Abin da ya mai da su inji guda shi ne dogayen notunan nan, guda 18 a injin RX-7 na baya-baya, da 'yan fegi masu rami da ke daidaita farantan. Notin yana shiga ta farantin baya, ya ratsa duka, ya kama zare a farantin gaba. Tsakanin farantan kuma siraran robobi ne ke raba ruwan lagireto da wuta. Shi ya sa kowane noti yake da washa mai roba a ƙarƙashin kai, don hanyarsa tana haɗe da ruwa. Koren abin da Sagir ya gani ruwan lagireto ne da ya fara bin ramin ya bushe.

Sagir_Tulsa:
Na gode Injiniya Rabi. Ga abin da na gani da gilashin ƙara girma. Bai sirance ba ko kaɗan, kamar an yanka shi. Fiye da rabin fuskar sumul take, ta ɗan yi duhu, da wasu siraran layuka masu lanƙwasa, ɗaya bayan ɗaya, duk sun taso daga gefe guda a gindin zaren farko. Ragowar kuma fari ne mai kaushi, sabo fil. Sai wani abu da ba ki tambaya ba: a tsakiyar jikin notin akwai wuri mai faɗin yatsa da ya goge yana ƙyalli, ta gefe ɗaya.

Oga Tanimu, notunan na asali ne da suka zo da injin, kuma da sifanar awo ya ɗaure. Baban nan komai sai ya rubuta a littafi.

Injiniya_Rabi:
To gajiyar ƙarfe ce, babu tantama. Tsagewar ta fara ne a gindin zaren, tana ci kaɗan-kaɗan. Kowane layi da ka gani wuri ne da ta dakata ko ta canza gudu, wataƙila tashi ɗaya da sauka ɗaya. Farin sashen shi ne abin da ya rage yana riƙe da kayan har ya gaza lokaci guda. Kuma ka lura da girmansa: tunda ƙarami ne, nauyin da ke kan notin bai yi yawa ba. Da an matse shi fiye da kima, da tsagewar ba ta yi nisa haka ba kafin ya ɓalle. Wannan ya wanke sifanar baban, amma bai gaya mana abin da ke jijjiga notin ba.

Matuƙi_AB:
Ni ta ɓangaren tuƙi zan shigo. Mutane suna manta cewa mota da jirgi ba wahala ɗaya suke ba inji ba. A mota kana taka totur ka saki, ka canza giya, ka tsaya a danja. A kan babbar hanya ma ɗan kaso kaɗan na ƙarfin injin kake ci. A jirgi kuwa ka buɗe totur duka wajen tashi, sannan ka daidaita shi a kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari, ka bar shi a nan awa biyu ko uku, allura ba ta motsi. Idan akwai wani gudun da wani ƙarfe a jikin injin ba ya so, mota wucewa take yi ta kansa cikin ƙiftawar ido. Jirgi kuwa zama yake yi a kai. Waɗanda suka ƙera injin nan mota suka yi wa, don haka ba za a ɗora musu laifin abin da ya faru a sama ba.

Malam_Habu_Zariya:
Kyaftin ya kawo mu daidai inda nake so. Sagir, wurin nan mai ƙyalli a tsakiya shi ne babbar shaida a wurina. Noti mai tsawon kusan ƙafa ɗaya, an kama shi a kai, an kama shi a zare, tsakiyarsa a sake cikin rami, kuma an ja shi tam. Tsirkiyar garaya ke nan. Tana da muryarta, kuma in aka kaɗa wani abu kusa da ita da wannan muryar, za ta ɗauki rawa ba tare da an taɓa ta ba.

Ga lissafin. Kowace rota tana ba da bugun wuta ɗaya a kowane juyin shaf, rota biyu bugu biyu. A juyi 6,000 a minti, shaf na juyawa sau 100 a sakan, bugu 200 ke nan a sakan. Na ƙiyasta muryar noti mai wannan tsawo da kauri a gurguje, ta faɗo tsakanin 500 da 700 a sakan, gwargwadon yadda aka ja shi. Ninkin 200 sau uku 600 ne, a tsakiyar wurin. In notin ya ɗauki rawa, tsakiyarsa ke kai da komo har ta goga bangon ramin, amma lanƙwasar tana taruwa ne a ƙarshen biyu, ƙarƙashin kai da zaren farko. Ina ya karye? Zaren farko.

Kuma ku duba yawan bugun. 200 a sakan sau 3,600, bugu 720,000 a awa ɗaya. Cikin awa 14 an haura miliyan 10. Masu tseren mota da wannan injin sun daɗe da sanin matsalar, shi ya sa suke shafa zoben silikon a tsakiyar notin ko su sa masa 'yar rigar roba kafin su zura shi, don ta danne rawar.

Baban_Ilham:
Wato maganin jirgin sama gam ne. Innalillahi.

Lawal_Injiniya:
Malam Habu, da girmamawa, bayaninka ya yi daɗi har ya sa an manta da tambaya ɗaya. Dubban injinan nan suna da notuna iri ɗaya, akwai jirage da dama masu tashi da su a kusan wannan gudun. Me ya sa na wannan baban ne ke karyewa, har sau biyu, kuma a ɓangare ɗaya? Idan rawa ce kawai, ai da kowa ya koka.

Ni na fi zargin cewa notin bai ja yadda ya kamata ba. Sifanar awo ba jan noti take aunawa ba, taurin juyawa take aunawa. Kusan kashi 90 na ƙarfin da ka sa yana tafiya ne wajen gogayyar zare da ƙarƙashin kai, abin da ke miƙa notin bai wuce kashi 10 ba. Littafin injin ya ce 32 zuwa 39 N·m, da baƙin mai a zare. In zaren busasshe ne ko da datti, sifana za ta ce ƙas alhali notin bai ja ba. Mafi muni, ramin zaren da ke farantin gaba toshe yake a ƙasa. In tsohon mai ko tsatsa ta taru a ciki, ko kuma an taɓa kankare fuskokin farantan wajen gyara har jerin ya rage kauri, notin zai iya dungurar ƙasan ramin kafin ya matse farantan. Sifana ta ƙara, an rubuta a littafi, amma noti a sake yake. Notin da ya ja sosai ba ya jin yawancin bugun, farantan ke shanyewa. Wanda bai ja ba shi ke karɓar kowane bugu a jikinsa.

Sagir, an taɓa kankare farantan?

Oga_Tanimu_Gareji:
Wannan magana ta Injiniya Lawal na gan ta da idona a tifa. Notin taya bai cika karyewa don an matse shi ba, wanda aka bari sako-sako shi ke fara tafiya, sannan na kusa da shi ya bi. Direba ya zo yana rantsuwa wai ƙarfen zamani ne ba kyau. Ka duba ramin rim ɗin, ka ga ya zama kamar an ja shi gefe.

Malam_Habu_Zariya:
Injiniya Lawal, ban ga saɓani tsakaninmu ba sosai. Ja shi ke saita muryar. Noti biyu iri ɗaya, ɗaya ya ja sosai ɗaya bai ja ba, muryarsu ba ɗaya ba ce. Wataƙila na baban nan rashin jan ne ya sauko da shi daidai kan gudun da yake tafiya. Haka nan giyabos. Farfela ba ta son wuce juyi 2,700 ko kusa, shi ya sa ake sa giya tsakani. Tracy Crook, wanda ya yi suna da tashi da ƙaramin jirgin RV-4 mai injin 13B tun shekarun 1990, ya ƙera giyabos mai rage gudu 2.17 da wani mai 2.85. Mai na farkon zai yi tafiyarsa a ƙasa da 6,000, mai na biyun zai haura. Ga dalilin da wani zai koka wani bai koka ba.

Lawal_Injiniya:
To amma in haka ne silikon ɗinka rufe ciwo zai yi. Rawar ta lafa, notin yana nan a sake.

Zainab_Kimiyya:
Ku bar ni in jefa zafi a cikin lissafin. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, 23 da 12 cikin miliyan a kowane digiri. Gidan rota na 13B kaurinsa milimita 80, biyu 160. In injin ya hau da digiri 80, alminiyam zai fi notin miƙewa da kusan milimita 0.14. Ƙarami ne a ido, amma ga notin ƙarin ja ne mai yawa, kuma kowane tashi da sanyaya sai an maimaita. Abin da ya fi damuna shi ne in injin ya taɓa yin zafi fiye da kima. Alminiyam zai tura, ya matsu, ya ɗan lotse, in ya huce ba zai koma kaurinsa na da ba. Daga ranar notin ya rage ja ko da an ɗaure shi daidai tun farko. Sanyaya injin rota a jirgi kuwa shi ne babban abin da masu haɗawa ke fama da shi, musamman wajen hawa sama a rana mai zafi. Kuma zafin injin nan ba daidai yake ba, gefen fulogi da wajen salansa kullum cikin wuta, wajen shan iska kullum da sanyi. Sagir ya ce duka biyun a ɓangare ɗaya suka karye. Wane ɓangare?

Kabiru_Zango:
Ni abin da ke ba ni haushi, mutum a garejin gidansa ya haɗa jirgi gwamnati ta ba shi lamba. Mu kuwa a 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa helikwafta da injin Honda Civic da tarkacen mota, duniya ta ɗauka, aka yi ta yaɗawa, shi ke nan.

Matuƙi_AB:
Kabiru, lambar ba a banza ake ba da ita ba. Sai mai duba jirgi ya zo ya gani, sannan a ware maka yanki ka yi awa 40 kana gwaji idan injinka ba mai takardar shaida ba ne, awa 25 in mai takarda ne, kafin ka ɗauki fasinja. Suna kuma da EAA, ƙungiyar masu haɗa jirgi a gida, tun 1953, mai taron Oshkosh duk shekara, inda tsofaffin hannu ke duba aikin sababbi. Duk da haka binciken da NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, ta fitar a 2012 kan irin waɗannan jirage ya nuna mutuwar inji na cikin manyan abubuwan da ke kayar da su.

Kuma kada ka ce ba mu taɓa yi ba. Air Beetle da sojojin samanmu suka koyi tuƙi da shi, asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's, irin wanda mutane ke haɗawa a gida. Guda 60 aka kawo a kwali aka haɗa a Kaduna. Sai dai injin Lycoming aka sa musu, ba na mota ba.

Baban_Ilham:
Ka ji masu hankali.

Dan_Maradi:
To me ya sa ake wahalar da kai da injin motar? Arha?

Matuƙi_AB:
Arha na ciki, sabon Lycoming kuɗinsa ya fi na mota mai kyau. Amma masu son rota suna da hujja. Ba bawul, ba kamshaf, ba kwanrod, manyan abubuwan da ke motsi uku ne, rota biyu da shaf. Rotar ƙarfe ce a cikin gidan alminiyam, don haka in ya yi zafi gidan ke buɗewa, ba ya cika kamewa kamar fistin. Sau da yawa yakan ci gaba da juyawa da rauni har a sauka. Yana kuma shan fetur ɗin mota, sai dai yawancinsu suna zuba masa ɗan man tu-sitirok a tanki. Ana ma ƙera injin Wankel na jirgi takanas, irin wanda ake sa wa wasu jiragen shawagi na Schleicher a Jamus. Matsalar ba ta cika fitowa daga cikin injin ba, daga abin da mai haɗawa ya rataya masa take fitowa: giyabos, lagireto, famfon mai, waya.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan noti. Maganar Air Beetle a buɗe mata nata wurin.

Injiniya_Rabi:
Tambayata ta uku ba a amsa ba. Notin nan cikin danshin ruwan lagireto yake rayuwa. Injin RX-7 mafi sabunta ya haura shekara ashirin, kuma Sagir ya ce notunan na asali ne. Wa ya san irin ruwan da mai motar farko ya riƙa zubawa? Mu nan mun san yadda ruwan rijiya ke cinye lagireto. Ɗan ramin tsatsa wanda bai kai kan allura ba, in ya faɗo a gindin zare, ya isa ya zama mafarin tsagewa, kuma ƙarfen da ke cikin ruwa mai cin ƙarfe ba shi da wani nauyin da za a ce a ƙasa da shi ba zai taɓa gajiya ba. Malam Sagir, ka bi layukan nan baya zuwa inda suka taru. In ka ga baƙin ɗigo a wurin, to ka kama ɓarawo na uku.

Sagir_Tulsa:
Na dawo daga wurin baban, na karanta masa duk abin da kuka rubuta, ina fassarawa. Ya yi dariyar maganar Baban Ilham. Ga amsoshi.

Injiniya Lawal, e, an kankare farantan ƙarfen lokacin da ya sake gina injin, kuma bai auna zurfin ramukan ba. Malama Zainab, duka biyun a gefen fulogi suke, kuma a littafinsa akwai ranar da zafin ruwa ya haura sosai wajen hawa, har ya juyo ya sauka. Injiniya Rabi, akwai ɗan duhu a mafarin layukan, amma gilashina bai isa in ce tsatsa ce ko dattin ruwan da ya shiga daga baya ba. Malam Habu, mun zaro wasu ɗaya bayan ɗaya muna mayarwa, uku daga ciki suna da ƙyallin nan a tsakiya, ragowar babu.

Sai wani abu da na gano da kaina. Akwai ƙaramin ƙarfen da ya ƙera don riƙe bututun ruwa, ya maƙala shi a ƙarƙashin kan notin da ya karye, tsakanin kai da washa.

Lawal_Injiniya:
Subhanallah. Ai da ka fara da wannan. Notin da ke riƙe inji ba a rataya masa komai. Ƙarfen nan in bai kwanta daidai ba zai karkata kan notin, in mai laushi ne zai lotse ja ya ragu, sannan duk jijjigar bututun a wuyan notin take sauka. Na bara fa, shi ma da wani abu a kansa?

Sagir_Tulsa:
Ya ce babu. Na bara shi kaɗai ne.

Malam_Habu_Zariya:
To kun gani. Wancan ba ƙarfe a kansa kuma ya karye, ga uku suna ƙyalli. Ina nan kan bakana.

Zainab_Kimiyya:
Ko kuma na baran da ya karye ya bar maƙwabcinsa da kayan mutum biyu har zuwa lokacin da aka lura. Wataƙila tsagewar wannan tun lokacin ta fara. Shi ya sa canza guda ɗaya bai yi ba.

Alhaji_Sule_Tireda:
Ni ba injiniya ba ne, amma me zai hana a sa noti mafi kauri da ƙarfi, 12.9, a huta?

Injiniya_Rabi:
Alhaji, ranka ya daɗe, ƙarin ƙarfi ba ya warkar da gajiya yadda ake zato. Ƙarfe mai tauri sosai ya fi jin zafin ƙaramin rauni, kuma in an yi masa rufin zinki ba a gasa shi bayan nan ba, iskar haidirojin kan shige shi ya ɓalle ba gargaɗi. A duba kuma yadda aka yi zaren. Wanda aka murza da inji ya fi wanda aka yanka juriya nesa ba kusa ba, don haka kada baban ya kai wa mai lez ya yanka masa. Masu turbo suna faɗaɗa ramukan su sa manyan sanduna ko ƙarin fegi, amma su nokin suke gudu, mai murɗa farantan har ya fasa su. Wannan injin ba abin da ke damunsa ke nan ba, kuma sabon gyara sabuwar tambaya ce da ba wanda ya gwada a jirginsa.

Da ni ce, sababbi duka, na asali, da sababbin washa. A wanke kowane rami, a zura noti ba washa a tabbatar yana wuce inda zai tsaya. Tsofaffin a kai su gwajin maganaɗisu ko na jan ruwa mai nuna tsagewa, don a san ko akwai wasu da suka fara. Wanda ya karye a kai shi ɗakin gwaji a duba mafarin da madubin ƙara girma na gaske.

Matuƙi_AB:
Ƙarin abu ɗaya da ya sa ba na wasa da wannan. Kawunan notunan suna gefen filawil ne, kuma a jirgi wannan gefen ne ke fuskantar giyabos da farfela. Noti in ya karye ba abin da ke riƙe dogon guntun, jijjiga za ta iya turo shi waje har ya taɓa abin da ke juyawa sau 100 a sakan. Ko bai taɓa ba, ramin ya buɗe, ruwa zai tsiyaye, robobin ciki su ƙone. A mota ka gangara gefen titi. Ya kamata a yi wa kawunan wani abin tarewa, kuma a sa taɓa su cikin jerin dubawa kafin kowane tashi.

Lawal_Injiniya:
Abin tarewa na yarda, muddin ba a ƙarƙashin kan notin za a maƙala shi ba. Silikon ma a sa, ba ya cutarwa in an bar shi ya bushe kafin a zura, kada ya gutsure ya toshe lagireto. Amma kada a sa shi a ce an gama bincike.

Malam_Habu_Zariya:
Akwai hanyar raba gardamar nan. A shafa wa tsakiyar sababbin notunan shuɗin alama, biyu ko uku a bar su ba silikon, a ɗaure jirgin a ƙasa a kunna shi a gudun tafiya, sannan a zaro a ga ko alamar ta goge. In ta goge alhali an tabbatar da ja, maganata ce.

Zainab_Kimiyya:
A ƙasa ba za ka iya riƙe wannan gudun da daɗewa ba Malam, ba iskar da za ta sanyaya lagireto. Sai ka jawo zafin da nake magana a kai.

Sagir_Tulsa:
Baban ya yarda ba za a tashi ba sai an gama. Yanzu rigimarmu guntun da ya maƙale. Yana so mu ciro shi ba tare da an wargaza injin ba.

Oga_Tanimu_Gareji:
Tunda ja ya sauka daga kansa, guntun ba lallai ya yi tauri ba. Da a kusa yake, bakin diril mai juyin hagu kan fito da shi tun kafin ka gama huda. Amma wannan yana can ƙasan rami mai tsawon hannu, sai an yi wa diril ɗin doguwar ƙafa da bututun da zai riƙe shi a tsakiya, in ba haka ba ya kauce ya ci zaren farantin, ka shiga uku. Ɓarɓashin kuma ina zai tafi?

Injiniya_Rabi:
Diril zai cinye rabin shaidar da ke kan guntun, Oga. Kuma tunda an zaro notuna an mayar, ga tarihin zafi, ni robobin ruwan ma ban yarda da su ba. A sauke shi a buɗe, a auna kaurin gidajen rota da maikiromita a wurare da dama, musamman gefen fulogi, a gwada da iyakar da littafin ya bayar.

Lawal_Injiniya:
In kun buɗe, Sagir, ka leƙa ƙasan ramin zaren da tocila kafin a wanke, ka duba ƙarshen guntun ma. In akwai tabon dungura ka turo mana hoto.